Kafin ki ciri bashi saboda rimot

A ƙungiyoyin adashin da nake zagayawa a Unguwar Boro da ƙauyukan hanyar Kachia, akwai wani ɗan bashi da ke yawan fitowa a littafi: kuɗin gyaran dikoda. Wata ta gidanta ce, wata kuma tana da shagon kitso ko ɗan gidan kallo, talabijin ce ke zaunar mata da mutane. Bashin nan da ƙarinsa ake biya, kuma kafin ranar rabo. Sau da yawa kuwa dikodar lafiyarta ƙalau, rimot ne ya yi shiru, abin da za ki iya dubawa da kanki kina zaune a kan tabarma.

Ki duba goshin rimot, za ki ga wani ɗan ƙwai kamar ƙwayar dawa. Fitila ce. Duk maɓallin da kika danna, tana ƙyafta wani haske da ake kira infirared, wanda idon mutum ba ya gani, ita kuma dikoda tana da nata idon a gaba, bayan baƙar roba, da ke karɓar saƙon. Kowane kamfani da irin ƙyaftawarsa, kamar yadda kowace ƙabila ke da yarenta. Shi ya sa rimot ɗin DStv ba zai juya dikodar Strong ba. Haka abin yake a dikodar dish, haka yake a masu eriya irin GOtv da akwatin FreeTV da aka ƙaddamar a Kaduna a Disambar 2017.

Abin da idonki bai gani ba, kyamarar waya tana gani. Ki kunna kyamara, ki nuna mata goshin rimot, ki danna kowane maɓalli. In kin ga haske fari ko mai ruwan shanshanbale yana walƙiya a fuskar waya, rimot na da rai. In ba ki gani ba, ki gwada da kyamarar gaba, don wasu wayoyin kyamararsu ta baya tana tace wannan haske. In nan ma shiru, sai ki buɗe bayan rimot.

Yawanci batir biyu ne, ƙananan AAA ko AA masu ɗan kauri, kowane volt 1.5. Ki duba ko an sa su daidai: gefen da ke shafe, mai alamar ragi, shi ke danne ɗan ƙarfen nan mai murɗe. A canza su tare, kada a haɗa sabo da tsoho, domin tsohon zai ja sabon ƙasa har ya yi yoyo. In kin tarar da farin gari ya kama ƙarfen, yoyon batir ne. Ki ɗiga lemun tsami kaɗan a auduga ki goge, ki bari ya bushe sarai, sannan ki wanke hannu. Taunar batir da haƙori da ake yi wai don ya farfaɗo, don Allah a daina. Abin da ke ciki yana ƙona baki, kuma yara suna kallonmu suna koya.

To, in rimot na haske amma dikoda ta ƙi ji, sai a koma ga idonta. Ƙurar hunturu na rufe shi, haka ma leshin da muke yafa wa kayan kallo don kwalliya. Hasken rana da ke dukan gaban dikoda kai tsaye shi ma yana ruɗa ta. Ki goge, ki matso kusa, ki saita sosai. Bai yi ba? Ki zare dikodar daga wuta na minti ɗaya ki mayar, musamman in an ɗauke NEPA an dawo da ita da ƙarfi. Ledar da ake naɗe rimot da ita tana da amfani, tana tare manja da ruwan hannu, sai dai kada a tara ta ninki-ninki a kan goshin.

Akwai kuma abin da ake ɗora wa rimot alhali babu ruwansa. Yaro ya danna AV ko SOURCE, talabijin ta bar hanyar da dikoda ke shigowa, fuska ta zama shuɗiya. Rimot ɗin talabijin za ki ɗauka ki mayar da ita AV ko HDMI, inda wayar dikoda ke soke. A DStv, E16 yawanci maganar kuɗin wata ce, E48-32 kuwa sigina ce ba ta isowa, ko saboda hadari da ruwan sama, ko iska ta karkatar da dish. In ruwa ne, haƙuri kawai za a yi ya ɗauke.

Idan rimot ya mutu da gaske, akwai na gama-gari da ake sayarwa a kasuwar Sabo da babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Shi sai an koya masa yaren dikodarki. Yana zuwa da takarda mai jerin kamfanoni da lambobinsu. A mafi yawansu za ki danne SET har ɗan jan hasken ya tsaya cak, ki buga lambar kamfaninki, ki gwada. Kamfani ɗaya kan samu lamba uku ko huɗu, in ta farko ba ta yi ba ki bi ta gaba. In sunan babu a takardar, akwai bincike: ki kunna dikoda, ki danne SET, ki riƙa danna POWER a hankali ɗaya bayan ɗaya, da zarar dikoda ta mutu sai ki tsaya ki adana da OK ko SET, yadda takardar ta ce. Gaggawa ce ke ɓata wannan aiki, don in kika ƙara dannawa ɗaya kin wuce lambar, sai an sake daga farko. Lambar da ta yi, ki rubuta ta a takarda ki manna cikin murfin batir, saboda wasu suna mantawa in an cire batir ya daɗe. Kuma ki gwada ƙarar murya da canza tasha da MENU, don wata lambar kashewa da kunnawa kaɗai take iyawa.

Wuri ɗaya nake roƙo a kiyaye a cikin MENU, inda aka rubuta Factory Reset ko Factory Default. A dikodar tashoshin kyauta yana share duk tashoshin da aka jera, har Arewa24 da ake jira don Daɗin Kowa, kuma sai an kira mai saiti an biya shi. Ba ya gyara rimot ko kaɗan.

In za ki sayo sabo, ki tafi da tsohon, ko ki ɗauki hoton lambar da ke ƙarƙashin dikoda. Ki sa mai shago ya sa batir ki gwada da kyamara a gabansa, ki kuma tambaye shi ko zai canza in bai yi ba. In dikodar ta ƙungiya ce, magatakarda ta rubuta kuɗin batir da na rimot a littafi, a kuma faɗa a taro wace ce ke ajiye shi.