Gidan hutu na haya a ƙauye: Abubuwan da ya kamata ka sani

Duk watan Yuli da Agusta, idan makarantun Birtaniya suka tafi hutu, iyalai kan loda yara da kaya a mota su nufi yankin Wales, su kama ƙaramin gida a ƙauye kusa da teku na mako guda. Sana'a ce mai kawo kuɗi, ta kuma daɗe tana haɗa 'yan gari da baƙi faɗa. Mutumin Gusau ko Tsafe yana da abin dubawa a ciki.

Wane irin gida ne?

Gida ne sukutum, da gado da zanin gado, da murhu da tukwane da firji. Babu kuku, babu mai kawo shayin safe. A ba ka makulli, ka yi cefanenka, ka dafa abin da ranka ke so. Da yawansu tsofaffin gidajen manoma ne ko rumfunan dabbobi da aka gyara. Abin da ke jan mutane shi ne gaɓar teku: tun 2012 Wales ta buɗe hanyar ƙafa mai tsawon kusan kilomita 1,400 da ke bin bakin ruwa.

Mu ma mun san irinsa

Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja ba otal suke sauka ba. Fatoma ne ke ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Gina masauki don shaƙatawa kawai ya zo daga baya. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya yi otal a bakin tafkin Bagauda, akwai kuma na Rock Castle a madatsar Tiga. Bagauda yanzu reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ce. A Yankari ta Bauchi har yau akwai ɗakunan kwana kusa da ruwan ɗumi na Wikki.

Abin da ya fi kama da na Wales shi ne gidajen haya na 'yan kwanaki da suka yawaita a Abuja da Kano da Kaduna, ana tallarsu a Airbnb da Instagram. Ga magidancin da ya zo biki da iyalinsa, sun fi otal rufin asiri. Mata su sake, a tuƙa tuwo, a dama wa yara kunu, ba mai haɗuwa da baƙon namiji a baranda.

Me ya jawo rigima a Wales?

Kuɗi ne. Mai gida ya lura abin da zai samu a 'yan makonnin zafi ya fi hayar wata da watanni, sai ya sallami ɗan haya. Attajirin Ingila ya zo ya sayi na kusa da shi. Farashi ya tashi, saurayin da aka haifa a garin ya kasa samun inda zai ajiye amarya, ya yi ƙaura. Da sanyi ya shigo sai a ga layi guda babu fitila ko ɗaya, makarantar firamare ta rasa yara, mai shago ya rufe. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma a wasu ƙauyukan Gwynedd da Pembrokeshire kabar ce ke ƙarewa.

Akwai kuma batun harshe, wanda a ganina shi ne ya fi ciwo. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum kusan 538,000 ne ke jin harshen Wales, ƙasa da kashi 18 cikin 100 na jama'ar yankin, kuma ƙauyukan arewa da yamma, inda baƙi suka fi so, nan ne harshen ya fi ƙarfi. Fushin ya taɓa kaiwa ga wuta: daga Disamban 1979 zuwa farkon shekarun 1990, ƙungiyar ɓoye ta Meibion Glyndŵr ta ɗauki alhakin ƙona irin waɗannan gidaje, an kuma kai hari fiye da 200.

Dokar kwana 182

Daga Afrilun 2023 gwamnatin Wales ta ce kafin a ɗauki gida a matsayin wurin kasuwanci, sai an buɗe shi ga masu haya kwana 252 a shekara, kuma an kama shi aƙalla kwana 182. Wanda bai kai ba zai biya harajin gidan zama, ƙaramar hukuma kuma na iya ɗora masa ƙarin da ya kai kashi 300 cikin 100. Manoman da ke rufa asiri da gida ɗaya suna kukan cewa cika kwanakin nan a ƙauye mai nisa ba wasa ba ne, kuma suna da gaskiyarsu.

Zamfara fa?

Wuraren kallo muna da su. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya ga dutsen Kwatarkwashi a Bunguɗu da duwatsun Tsafe, akwai kuma madatsar Bakolori. Sai dai ba wanda zai kai iyalinsa hutu inda mai gonar ma yake tsoron shiga gonarsa. A Satumban 2021 har layukan waya aka rufe a jihar, aka dakatar da kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. Mutanen Bilbis da ke Tsafe da na ƙauyukan iyakar Katsina sun san abin da barin gida ba shiri yake nufi.

Don haka darasin ya fi shafar birni. Gusau da garin Tsafe sun cika da waɗanda suka baro ƙauyukansu, wasu suna kwana a kangaye. Duk gidan da aka fitar daga hayar shekara aka mayar na kwanaki, an rage wa waɗannan bayin Allah wurin zama ne. Tun sana'ar ba ta yi nisa ba, ya kamata hukuma ta yi wa irin waɗannan gidaje rajista, ta san yawansu a kowace unguwa, ta kuma wajabta rubuta sunan duk wanda ya kwana a ciki.