Kafin Ka Kafa Rumfa a Cikin Waya

Mai buhunan gero ba ya neman rumfa a Kantin Kwari, Dawanau yake nufa. Mai shadda da atamfa kuma ba ya kasa kayansa a Farm Centre, inda ake cinikin wayoyi. Duk ɗan kasuwar Kano ya san haka tun yana yaron shago. Amma da an zo maganar talla a intanet, sai ka ga matashin da ya haɗa jarinsa da ƙyar ya buɗe shafi a Facebook da Instagram da TikTok da X rana guda. Ya yi mako biyu yana ɗora hotuna, data ta ƙare, ko mai taya kaya bai samu ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

Tambayar farko ita ce: wanda zai zaro kuɗi ya saya, ina yake yini idan ya ɗauki wayarsa? Mai sabon kamfanin da ke haɗa manhajar lissafi don asibitoci ko makarantu, shugabanni da masu zuba jari yake nema, kuma irin waɗannan a LinkedIn da X ake samunsu. Mai humra da turaren wuta ba ta da abin yi a can.

A ƙasar Hausa, ni dai ban ga dandalin da ya kai WhatsApp kama da kasuwarmu ba. Cinikinmu na baki ne: a yi sallama, a gaisa, a tambayi farashi, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Saƙon murya ya ɗauke wannan duka, har wadda ba ta yi boko ba tana iya cinikinta ba tare da ta rubuta harafi ɗaya ba. Matan aure da a da sai sun ɗora wa yara talla, yau suna ɗora leshi da abaya a status daga cikin ɗaki, a turo kuɗi ta banki, a kai kaya tasha a ba direba. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, ko don yaran da suka huta da yawon talla. Tun 2018 akwai manhajar WhatsApp Business, wadda ke ba mutum damar jera kayansa da farashinsu, ta kuma amsa gaisuwar mai saye ko yana barci.

Sai dai WhatsApp zaure ne, wanda ya san gidan ne ke shigowa. Status ɗinka ba ya isa ga kowa sai wanda ka ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taka. Saƙon da ake aika wa jama'a a dunƙule mutum 256 yake ɗauka, su ma sai masu lambarka. Ke nan yana riƙe tsohon abokin ciniki, amma ba ya kawo baƙo.

Baƙo a TikTok yake. Tsarinsa yakan nuna sabon bidiyo ga mutane kaɗan, idan sun kalla har ƙarshe ko sun tura wa wasu, sai ya faɗaɗa. Shi ya sa wanda ba shi da mabiya zai iya wayar gari dubbai sun gan shi. Abin da ke damuna shi ne yadda matasa ke ɗaukar yawan kallo a matsayin ciniki. Dubu hamsin sun kalla, an yi dariya, an wuce. Nawa ne suka tambayi farashi? Instagram ya fi dacewa da kayan da ido ke saye, kamar ɗinki da kayan lefe da kwalliyar amare, musamman ga masu hali a Abuja da Kaduna da Kano. Facebook kuwa, wanda ya sa Hausa cikin harsunansa a 2016, har yanzu nan ne dandalin magidanta da mutanen ƙananan garuruwa. Idan ka biya kuɗin talla, za ka zaɓi gari da shekarun waɗanda za su gani, ka sa maɓallin da zai kawo su WhatsApp ɗinka kai tsaye. In ba ka biya ba, kaɗan daga mabiyanka ne ke ganin abin da ka ɗora.

Shawarata ga mai ƙaramin jari: dandali ɗaya na kamo baƙi, sai WhatsApp na ƙulla ciniki. Ya ba shi wata uku, yana tambayar duk wanda ya saya, “A ina ka gan mu?” Amsar ya rubuta ta. Ya kuma tuna bidiyo na cin data, ga shi a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari.

Kowanne ka zaɓa, ɗan haya ne kai, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar 5 ga Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta rufe Twitter, wato X na yanzu, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Wata bakwai masu sana'a a can suna kallon rumfarsu a kulle. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke tare na kusan awa shida, domin duka ukun na kamfani ɗaya ne, wanda yanzu ake kira Meta. Wanda ya raba kayansa tsakaninsu yana zaton ya yi dabara, ranar ya gane maigidan haya ɗaya gare shi. A Satumban shekarar kuma aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga.

Ga masu kutse da ke ƙwace shafi su riƙa karɓar kuɗin jama'a da sunan mai shi. Don haka a kunna tsaron nan mai mataki biyu tun ranar farko, kada a ba kowa lambobin sirrin da ake turowa ta saƙo. A kuma sayi littafi mai bango mai ƙarfi, a riƙa rubuta sunan kowane mai saye da lambarsa da garinsa da abin da ya saya, da izininsa, a ajiye shi a aljihun tebur tare da littafin bashi.