Sayen Fili a Ikko

A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda. Tun daga nan mutanenmu na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suka saba da zuwa Ikko neman abinci. Wasu sun zauna a Agege, wasu a Idi Araba, wasu a Obalende. Wanda Allah ya buɗa masa kuwa, sai ya so ya mallaki gida can.

Ikko, wato Legas, tana bakin teku. Asalinta ƙauyen masunta ne a kan tsibiri. Tsibiri shi ne tudun da ruwa ya kewaye ta ko'ina. A 1901 aka yi gadar Carter, ta haɗa tsibirin da Iddo, inda tashar jirgin ƙasa take. Ƙasa kaɗan ce, mutane da yawa, don haka fili ya yi tsada. A Makoko ma masunta a kan ruwa suka kafa ɗakunansu na katako.

A nan gida, in za mu sayi gona, mai unguwa da dattawa sun san iyakarta. A Ikko ba haka ba ne. Can takarda ita ce shaida. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar mallakar fili a birni, galibi ta shekara 99. In mai takardar zai sayar, sai da yardar gwamna.

To, ga abin da za mu yi kafin mu biya kuɗi.

Na ɗaya, mu je mu ga filin da idonmu, kuma da damina. Filin da ya bushe da rani yana iya zama fadama. Kada mu yi cinikin biri a sama.

Na biyu, mu sa lauya ya bincika a ofishin filaye na gwamnati. Akwai macuta masu sayar da fili ɗaya ga mutum uku.

Na uku, in filin gādo ne, sai shugaban gidan da manyan magada sun sa hannu.

Na huɗu, mu sa safiyo ya auna, ya kafa duwatsun iyaka.

Wannan ba wasa ba ne. A 1990 gwamnati ta rushe unguwar Maroko, kusa da tsibirin Victoria, dubban mutane suka rasa wurin kwana. Mu tabbatar tun da wuri cewa gwamnati ba ta da magana a kan filin da za mu saya.

Jama'a, duk wannan aikin takarda ne. Wanda bai iya karatu ba, sai ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba, gumin shekara ashirin ya tafi a banza. Saboda haka mu dage da zuwa aji, har mu iya karanta kowane layi da kanmu.