Injin da ya ƙi amayar da ruwa

Ƙulun ƙulufit: mene ne ke shan ruwa ya yi nak, ya kulle bakinsa, ya yi garkuwa da kayan Sallar gida gaba ɗaya? Injin wanki ne, mai ƙofar gilashi a gaba, wanda ya zo Gwarzo cikin kayan ɗakin ƙanwata daga kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wanki dai ya yi shi tsaf. Da aka zo zubar da ruwa sai ya tsaya yana ƙugi. Ƙofar kuwa ba ta buɗuwa muddin da ruwa a ciki, haka aka ƙera ta. To, wa ya shaƙe shi?

Kamar kullum, wuta aka fara tuhuma. Muka tayar da janareta, ƙugin bai sauya ba. Aka sallame ta.

Sai tiyon baya, don in ya lanƙwashe ruwa ba ya wucewa. Na janyo injin, na duba. A miƙe yake sambal.

Surukar ƙanwata ta ce yashin ruwan 'yan garuwa ne. Magana ce mai ma'ana, amma yashi a 'yar ragar mashigar ruwa yake maƙalewa, shi kuwa ruwan nan ya shiga lafiya. Fita ce ta gagara.

Da la'asar mai gyara ya iso daga Kabo a kan babur.

"Malam, famfon ne ya ƙone?"

"Ƙonanne ba ya ƙugi, Alhaji. A ba ni faranti da tsumma."

Ya zare soket. Ya durƙusa, ya ɓalle wani ɗan murfi a can ƙasa, ya jawo siririn tiyo, ya cire toshiyarsa. Ruwa ya riƙa tsiyaya, ana juye faranti a bokiti, har ya ɗauke. Sannan ya murɗa marfin matata hagu. Zare ya fito. Gashi ya biyo. Ya girgiza kai.

A Turai da tuni an ce kwabo ne, amma tsabar naira 1 da naira 2 da aka fitar a 2007 ta daɗe da ɓacewa daga aljihunmu.

Ya zura yatsa. Ya yi shiru. Ya murmusa.

Ƙwallon dabino! Ya wanku fes, har yana sheƙi. Daga aljihu ya zame, ya bi ratar da ke tsakanin gangar injin da robar ƙofa, ya gangara har famfo, ya gitta tsakanin fikafikan 'yar farfelar da ke tura ruwa. Farfela na son juyawa, ƙwallo ya ce ba inda za ki. Ƙugin ke nan. Ƙwallon kuwa irin na buɗa-baki ne a masallaci, wanda mutum ke kunyar yarwa a kan tabarma.

Ƙanwata ta kalli ango. Ya rantse shi dabino bai dame shi ba. Mai gyara ya sake zura yatsa, ya fito da na biyu.