Tailosin da Danginsa: Yadda Suke Aiki da Ƙa'idojin Amfani da Su

Gabatarwa

Ko kaji kake kiwo a Kafanchan, ko aladu don kasuwar Katsit, ko shanu a makiyayar Kachia, da wuya ba ka taɓa sayen maganin da aka rubuta Tylosin a jikinsa ba. Tailosin ɗan gidan magungunan makrolaid ne, tare da eritiromaisin da tilmikosin. An fito da eritiromaisin a 1952, daga wata ƙwayar halitta da aka samu cikin ƙasar da aka ɗebo a Filifin. Ginin waɗannan magunguna babban zobe ne mai maƙale da sukari: zoben eritiromaisin atom 14 ne, na tailosin 16.

Yadda suke aiki

Fenisilin bangon ƙwayar cuta yake rushewa. To, ƙwayar maikoplasma, mai jawo doguwar mura ga kaji da busasshen tari ga aladu da ciwon huhu ga shanu, ba ta da bango, don haka fenisilin ba ya cin ta. Shi kuwa makrolaid ciki yake shiga, ya toshe inda ƙwayar ke ƙera furotin, sai ta kasa yaɗuwa, jikin dabba ya ƙarasa ta.

Inda ba su da amfani

Ba sa taɓa bairos. Murar tsuntsaye da zazzaɓin aladu na Afirka ba sa jin su. Ciwon huhun shanu kuma rigakafinsa, wanda ake yi a Vom, ya fi magani, domin saniyar da ta ji sauƙi tana iya ci gaba da harbin garke.

Abubuwan lura

1. Nemi likitan dabbobi ya gano cutar tukuna.
2. Cika kwanakin maganin, kada ka rage awo.
3. Kada ka yi wa alade ko akuya ko doki allurar tilmikosin. Tana kisa, har mutum in ta soke shi.
4. Kada ka sayar da nama ko ƙwai ko nono sai kwanakin jira da ke jikin kwalba sun cika.
5. Kada ka ba lafiyayyun dabbobi don ƙiba. Tarayyar Turai ta hana yin haka da tailosin tun 1999.

Ka tuna, da dangin wannan magani ake warkar da ciwon huhu a asibiti. Ƙwayar da ta saba da shi a akurkinka tana iya bijire masa a jikin ɗanka.