Ƙarar bindiga: inda mutum ya tsaya ne ke nuna yawan illar da kunnensa zai samu

Sojoji, jandarmomi da mafarauta sun san yadda kunne ke yin kuwwa bayan harbi. Haka ma masu kallo a hawan salla, idan aka harba bindigar gargajiya kusa da su. Masana sun daɗe suna auna wannan ƙara, har suna zana taswirarta, domin a san wurin da haɗari ya fi yawa.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana kai kusan desibel 60, amma harbin bindigar yaƙi irin Kalashnikov yana kai wajen 160 a kusa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar kada ƙara mai zuwa farat ɗaya ta wuce desibel 140 ga babba, 120 ga yaro. Ke nan harbi ɗaya tak zai iya lalata ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, waɗanda ba sa sake tsirowa.

Wayar salula ba ta iya wannan awo, domin ƙarar tana wucewa kafin ƙiftawar ido, kuma ta fi ƙarfin makirufon wayar. Sai an jera makirufo na musamman kewaye da mai harbi: gaba, gefe da baya, a tazara daban-daban. Daga nan a haɗa wuraren da awonsu ya zo ɗaya da layi a kan takarda.

Taswirar tana nuna ƙarar ba ta bazuwa daidai ko'ina. Ta fi tsanani ta wajen bakin bindiga, tana raguwa ta baya. Saboda haka wanda ke tsaye a gefe, kusa da bakin, yakan fi mai harbin shan ƙara. Shi kuma mai harbi da kafaɗar dama, kunnensa na hagu ne ya fi cutuwa, domin shi ne ke fuskantar bakin bindigar.

A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarar tana raguwa da kusan desibel 6. Idan 160 ce a mita ɗaya, a mita takwas tana nan wajen 142. Yaro kuwa sai ya yi nisan da ya haura mita ɗari. A cikin lungu ko kusa da katanga, bango yana dawo da sautin, haɗarin ya ƙaru.

Abin toshe kunne da aka yi don wannan aiki yana rage ƙarar sosai. Auduga ba ta wadatarwa. Wanda kunnensa ya ci gaba da kuwwa, ko jinsa ya ragu bayan harbi, ya garzaya wurin likita, domin jinkiri na iya mayar da matsalar ta dindindin.