Launin Ruwan Teku Da Kwalin Kifin Kasuwarmu

Duk ɗan kasuwar da ke sauke kwalayen kifin ƙanƙara a Gaya, Birnin Ƙonni ko Maraɗi ya san hanyar kayansa tun daga tashar jiragen ruwa. Amma ba kowa ya san akwai masana da suka daɗe suna tara bayanai a kan launin ruwan da kifin ke fitowa ba.

Dalili kuwa shi ne, ruwan teku mai shuɗi garau yawanci ba shi da abinci. Wanda ya yi kore kuwa cike yake da wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, waɗanda ƙananan kifaye ke rayuwa a kansu. Shi ya sa gaɓar Muritaniya da Senegal, inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasa ɗauke da taki, ta yi suna wajen kifi.

Tun a shekarar 1865 wani malamin coci ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya riƙa zura farin faifai cikin teku, yana auna zurfin da zai ɓace wa ido. A 1978 Amurka ta harba tauraron ɗan Adam mai na'urar duba launin teku, sannan aka yi SeaWiFS a 1997, da PACE a 2024.

Sai dai tauraro shi kaɗai bai wadatar ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da yake gani daga sararin sama yake fitowa, ga kuma ƙurar hunturu da ke tashi daga Bodele a ƙasar Chadi tana rufe Tekun Atilantika, tana rikita masa lissafi. Don haka tilas masu bincike su shiga jirgi, su ɗebi ruwa, su auna yadda haske ke ratsa shi, su zuba sakamakon a rumbu guda irin SeaBASS na hukumar NASA. Da wannan rumbu ake tantance awon tauraron, tamkar yadda ake gwada mudu a kan sikeli.

Abin damuwa shi ne, galibin awon a ruwan Amurka da Turai aka yi shi, rabon Afirka ta Yamma kaɗan ne. Alhali idan abincin kifi ya ragu a can gaɓar, mai saye da sayarwa a bakin iyaka na cikin waɗanda za su ji a aljihunsu.